Wa Ke Naɗi, Wa Ke Biya? Sharhi a Kan Limamin Coci da Majalisar Ƙauye Cikin Ƙagaggun Labaran Ingila

Fam 80 a shekara, ga mata, ga 'ya'ya shida, ga mahauci yana bin bashi. Da wannan ɗan lissafi ne wata marubuciya ta Ingila ta shiga fagen ƙagaggun labarai a shekarar 1857, kuma har yau ana karanta abin da ta rubuta. Mun ga ya kyautu mu kawo wa 'yan ƙungiya sharhi a kan wani reshe na adabin Ingilishi wanda ba kasafai ake zancensa a wajenmu ba, wato labaran da aka gina a kan naɗin limamin coci a ƙauye da kuma zaman majalisar ƙauye. Wanda ya ji jigon zai ɗauka babu abin da ke cikinsa sai gyangyaɗi. Amma mu a ganinmu cikin irin waɗannan ƙananan kujeru ne marubuci ya fi samun damar nuna yadda iko da kuɗi ke murɗa mutum, domin a ƙauye kowa ya san wanda ya naɗa, kowa ya san wanda ya biya, kowa kuma ya san wanda ba a tambaye shi ba. Za mu dubi ayyukan mutum uku: George Eliot, Anthony Trollope, da J. K. Rowling.

Yadda tsarin yake

Kafin mu shiga littattafan, dole mu ɗan yi shimfiɗa, don wanda bai san tsarin ba zai rasa inda gizo ke saƙa. A Cocin Ingila na ƙarni na 19, kowane yanki na ƙauye yana da majami'arsa, da gidan limami, da gona, da kuma kuɗin ushirin amfanin gona da ake biyan limamin. Wannan duka shi ne kujerar. Ikon zaɓen wanda zai hau ta kuwa ba a hannun masu zuwa sujada yake ba. Wani lokaci yana hannun bishop, wani lokaci hannun sarauta ko wata kwalejin Oxford ko Cambridge, amma sau da yawa yana hannun attajirin da ya mallaki ƙasar ƙauyen. Wannan iko dukiya ce kamar gona, ana gadonsa, a wancan zamani har sayar da shi ake yi. Wanda aka naɗa kuma da wuya a tuɓe shi har ya mutu. Idan ba ya son zama a ƙauyen, sai ya ɗauki na'ibi ya riƙa ba shi ɗan albashi, shi kuma ya riƙe ragowar. Na'ibi ba shi da tabbas, ana iya ba shi wa'adi ya kwashe kayansa.

Su kuwa mutanen gari, abin da suke da shi shi ne taron masu biyan haraji, wanda ya samo sunansa daga ɗakin da limami ke sa rigar sujada, don a nan aka saba yinsa. Taron shi ke duba gyaran ginin coci da zaɓen masu kula da shi, a da ma har da hanyoyi da ciyar da gajiyayyu. A shekarar 1894 aka yi dokar da ta raba aikin gida biyu, aka kafa majalisar ƙauye ta zaɓe wadda ba ruwanta da coci. A 1921 kuma aka ba majalisar ikilisiya ikon kula da kuɗi da kayan coci. Sai a dokar 1986 ne aka tsara cewa majalisar ikilisiya ta fitar da wakilai biyu waɗanda za su iya ƙin amincewa da wanda mai ikon naɗi ya kawo. Ke nan Eliot da Trollope sun yi rubutu ne a zamanin da jama'a ba su da ƙuri'a a kan limaminsu, Rowling kuwa ta yi nata a zamanin da ƙuri'a ta samu.

Na'ibin Shepperton

George Eliot sunan alƙalami ne. Sunanta na yanka Mary Ann Evans, an haife ta a 1819 a gundumar Warwickshire. Labarinta na farko shi ne na Rabaran Amos Barton, wanda mujallar Blackwood ta buga a watannin Janairu da Fabrairu na 1857, aka kuma haɗa shi da wasu biyu a 1858 cikin littafin Scenes of Clerical Life, wato hotunan rayuwar limaman coci. Ƙauyen labarin, Shepperton, an ɗauko shi ne daga Chilvers Coton inda aka yi wa marubuciyar baftisma, har mutanen yankin suka riƙa gane waɗanda ake nufi.

Tun a farkon labarin marubuciyar ta ɗora mana lissafi a gaba. Mai kujerar Shepperton yana can wata gunduma mai nisa, aikinsa ga ƙauyen shi ne karɓar fam 35 da sule 10 da ke ragewa bayan ya biya na'ibinsa fam 80. Da wannan fam 80 ake son Amos ya ciyar da iyali, ya sa tufafi irin na mai mutunci, ya kuma miƙa wa mabukaci in ya zo ƙofa. Matarsa Milly ce ke rufa asirin gidan da allura da zare, tana ɗinkin safar yara da dare bayan kowa ya kwanta.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba a yi wa Amos kwalliya ba. Mutum ne mai ƙarancin basira, wa'azinsa ba ya shiga, ba ya kuma iya zama da mutane. Ya hana mawaƙan coci wata zabura da suka saba rera wa ango da amarya, suka ƙullace shi. Ya je gidan gajiyayyu ya tsaya yana yi wa tsofaffi da mayunwata bayani mai zurfi a kan ma'anar gurasa marar yisti, su kuwa hankalinsu na wani wuri. Mai karatu zai yi dariya, amma ba zai raina shi ba, domin an riga an nuna masa aljihun mutumin.

Ƙullin labarin ma daga batun naɗi ya taso. Wata mata mai kiran kanta da sarauta, Countess Czerlaski, ta nuna wa Amos cewa tana da hanya wajen manyan coci, za ta iya sa a ba shi kujerar kansa. Da ta samu saɓani da ɗan'uwanta sai ta tare a gidan Amos, ita da karenta, har wata shida tana ci tana sha a kan fam 80. Gari ya ɗauki tsegumi. Amos ya kasa korarta, wani ɓangare don kunya, wani ɓangare don begen kujera. Yarinyar gidan mai aiki, Nanny, ita ce ta gaji ta faɗa mata gaskiya har ta tattara ta tafi. Amma aikin gama ya gama, wahala ta riga ta cinye Milly, ta haihu bakwaini, ta rasu.

A nan ne Eliot ta nuna ta san ƙauye. Mutanen Shepperton ba su da ikon naɗa limami ko tuɓe shi, saboda haka majalisarsu ta koma wajen shan shayi a gidan gonar tsohuwa Mrs Patten, inda Mr Hackit da matarsa da likita Pilgrim ke zama su yanke wa Amos hukunci ba ya nan. Ikon da ya rage musu shi ne na harshe, da na miƙa ɗan abin masarufi ko janye shi. Da Milly ta rasu sai zukatansu suka karye, suka rungumi Amos, wannan ya ɗauki yaro, wancan ya kawo gudummawa. A daidai lokacin da limami da jama'arsa suka fara son juna, sai ga wasiƙa daga mai kujera, Mr Carpe, cewa zai dawo ya riƙe aikin da kansa, an ba Amos wata shida. Kowa ya san dabara ce ta buɗe wa surukinsa gurbi. Babu wanda ya tambayi mutanen Shepperton. Amos ya bar kabarin matarsa ya tafi wani garin masana'antu mai nisa.

Ba mu ce labarin ba shi da aibi ba. Wurin mutuwar Milly an cika masa gishiri don a matso hawaye, ita kanta Milly an mai da ita kamar mala'ika, ba mu taɓa jin ta yi fushi da mijin da ya jawo mata wannan nauyi ba. Haka nan marubuciyar takan tsai da labari ta juyo tana roƙon mai karatu ya tausaya wa mutum marar fice, alhali abin da ta nuna ya riga ya isa. Duk da haka, cikin ayyukan da muke dubawa wannan ne kaɗai ya bar rashin adalcin yadda yake, bai kawo wani mai ceto a shafin ƙarshe ba.

Ladan kuturu a Framley

Anthony Trollope ma'aikacin gidan waya ne, yakan tashi da asuba ya yi rubutu kafin ya tafi ofis. Ya ƙirƙiri gundumar Barsetshire ya yi littattafai shida a kanta daga 1855 zuwa 1867. Na huɗunsu, Framley Parsonage, wato gidan limamin Framley, an buga shi kashi-kashi a mujallar Cornhill daga Janairu 1860 zuwa Afrilu 1861, lokacin da Thackeray ke editanta.

Idan Eliot ta nuna wanda tsarin ya matse, Trollope ya nuna wanda tsarin ya shagwaɓa. Mark Robarts ɗan likita ne, arzikinsa shi ne ya yi makaranta da Lord Lufton. Uwar Lufton, wato Lady Lufton, ita ke da ikon naɗi a Framley, sai ta ɗora Mark a kujera mai kawo fam 900 a shekara tun yana saurayi ɗanye, har matar aure ita ta zaɓa masa. Masu iya magana na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lady Lufton mace ce mai alheri, amma tana son ta san gidan da limaminta zai kwana da mutanen da zai ci abinci da su. Mark ya ji igiyar ta yi masa tsauri, sai ya nemi wasu iyayen gida, ya faɗa hannun wani ɗan majalisar dokoki mai suna Sowerby wanda bashi ya yi wa katutu. Sowerby ya lallashe shi ya tsaya masa a takardar lamuni ta fam 400, daga baya ta fam 500. Mai karatu ya haɗa ya gani: fam 900, albashin shekara cur. A madadin haka aka nema wa Mark ƙarin muƙami a babban cocin Barchester mai kawo fam 600. Duniya ta ce sayen kujera ya yi, jarida ta caccake shi, ma'aikatan kotu suka shiga gidan limami suna rubuta kujeru da tukwane.

Gwanintar Trollope ita ce babu inda Mark ya yanke shawarar zama mutumin banza. Kowane taki ƙarami ne, kowanne yana da uzuri: a je wannan walima don kada a ce an yi girman kai, a sa wannan hannu don kada aboki ya ji kunya, a sayi wannan doki tun da an yi rangwame. Mun sha karanta labaran da tauraro ke lalacewa a shafi guda kamar an yi masa asiri. Trollope ya ɗauki babi bayan babi yana nuna yadda kunyar cewa a'a ke kai mutum ga abin da bai taɓa nufa ba.

Sai kuma ya ajiye madubi a gefensa. A ƙauyen Hogglestock, ƙasar masu yin tubali, akwai Josiah Crawley, malami mai zurfin ilmi wanda ke koya wa 'yarsa Girkanci a ɗakin da babu abin kirki, albashinsa fam 130. Shi ke tafiya a ƙasa cikin taɓo yana ziyarar marasa lafiya. Aiki iri ɗaya, coci ɗaya, wani na karɓar 900 wani 130, bambancin kuma shi ne wanda kowannensu ya sani. Wurin da Crawley ya zo Framley ya tsaya gaban Mark yana tambayarsa ko farauta da dawaki ita ce aikin da ya ɗauki alkawari a kai, yana cikin wurare mafiya ƙarfi a littafin. Trollope bai mai da Crawley waliyyi ba. Talauci ya sa masa ɗaci da girman kai, har yakan ƙi kyautar da 'ya'yansa ke bukata, matarsa ce ke karɓa a ɓoye ta bayan gida. A littafin ƙarshe na jerin, The Last Chronicle of Barset na 1867, an zarge shi da satar cak na fam 20, shi kansa ya kasa tuna inda ya samo shi, matar bishop kuma ta yi tsaye sai an raba shi da mumbarinsa tun kafin a yi shari'a.

Inda muka saɓa da Trollope shi ne wajen warwara. Bashin Mark, Lord Lufton ne ya zo ya biya, sa'an nan ya auri ƙanwar Mark ɗin, Lucy. Shi ma Crawley, da gaskiyarsa ta fito, an ba shi kujera mai ɗan dama ne ta hannun Archdeacon Grantly, wanda ɗansa zai auri 'yar Crawley. Ke nan ciwon da alfarma ta haifar, alfarma ce aka kawo ta warkar da shi. Marubucin ya ga ɓarnar tsarin sarai, ya kuma ƙirga ta da fam da sule, amma yana ƙaunar tsarin, bai iya yanke masa hukunci ba. Daɗin daɗawa, talakawan Framley da ake yi wa sujada kusan babu su a littafin. Mun san sunan dokin da Mark ya saya, amma da ƙyar za mu iya kawo sunan manomi ɗaya da ke zama a bencin baya ran Lahadi.

Gurbi a majalisar Pagford

Shekara 145 bayan littafin ƙarshe na Barsetshire, a watan Satumba na 2012, J. K. Rowling, wadda duniya ta sani da labaran Harry Potter, ta fitar da The Casual Vacancy, littafinta na farko don manya. Sunan kalma ce ta doka, ma'anarta gurbin da ya buɗe a majalisa kafin wa'adi ya cika. Wani ɗan majalisar ƙauyen Pagford, Barry Fairbrother, ya yanke jiki ya faɗi ya mutu, sai kujerarsa ta zama abin faɗa.

Abin da ake ja a kai shi ne wata unguwar talakawa mai suna Fields da ke kan iyakar Pagford da birnin Yarvil. Shugaban majalisa, Howard Mollison, mai kantin kayan abinci, yana son a yanke unguwar a miƙa wa birni, a kuma ƙi sabunta hayar wani gini na majalisa inda ake kula da masu fama da shan ƙwaya. Barry a Fields aka haife shi, shi ne kuma ke kare ta. Da ya mutu sai Howard ya tsai da ɗansa Miles, ya kuwa ci zaɓen. A can ƙasan wannan rigima akwai wata yarinya, Krystal Weedon, wadda uwarta ke karɓar magani a wancan gini, ita ke kula da ƙanenta Robbie. A ƙarshe Robbie ya faɗa kogi ya mutu bayan manya uku sun gan shi yana yawo shi kaɗai kowa ya kau da kai, Krystal kuma ta kashe kanta.

Rowling ta yi abin da Trollope bai yi ba, ta shiga ɗakin waɗanda ake yanke wa hukunci ta nuna mana datti da yunwar da ke ciki. Ta kuma nuna cewa samun ƙuri'a bai canza mai magana ba: ɗan shugaba ne ya gaji kujera, kamar dai yadda surukin Mr Carpe ya gaji gurbin Amos. Wani abin lura kuma shi ne inda coci ya koma. Majalisa a zauren coci take zama, amma limami ba shi da ta cewa a labarin. An yi jana'iza a coci a kashin farko na littafin, an kuma rufe shi da jana'iza a coci, tsakaninsu kuwa nauyin gajiyayyu ya koma kan likita da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da malaman makaranta.

Sai dai kash, marubuciyar ba ta ƙaunar yawancin mutanenta. Howard da matarsa Shirley an zana su ne don a ƙi su, ƙibarsa ma an mai da ita hujja a kansa. Lady Lufton ta Trollope tana da iko fiye da na Howard, tana kuma yin kuskure, amma muna ganin dalilinta, har muna ganin ranar da ta sauke girman kai ta je da kanta ta roƙi Lucy ta auri ɗanta. A Pagford babu mai irin wannan juyi cikin manya sai kaɗan. Idan aka nuna wa mai karatu azzalumi wanda bai yi kama da shi ta ko'ina ba, zai rufe littafi yana jin shi mai tsarki ne. Mutuwar yara biyu a ƙarshe ma, duk da tana girgiza zuciya, ta yi kama da gudumar da aka ɗauko don a tabbatar kowa ya ji darasi.

Ya kamata mu ambaci wasan talabijin The Vicar of Dibley, wanda BBC ta fara nunawa a Nuwamba 1994, 'yan watanni bayan an naɗa mata 32 na farko limamai a Bristol cikin watan Maris na wannan shekara. A wasan, tsohon limamin ƙauye ya mutu, shugaban majalisa David Horton ya nemi bishop ya aiko da sabo, sai ga mace, Geraldine Granger, wadda Dawn French ta fito a matsayinta. Wasan ya cakuɗa majalisar ƙauye da ta ikilisiya kamar ba a taɓa yin dokar 1894 ba, ya kuma mai da rikicin da ya kusa raba cocin abin raha da sakatare mai rubuta kowane tari a littafin taro. Amma ba za mu raina shi ba. Ya saba wa miliyoyin mutane da ganin mace a mumbari, shekaru kafin a naɗa Libby Lane bishop a 2015, da kuma bayyana sunan Sarah Mullally a 2025 a matsayin wadda za ta hau kujerar Canterbury.

Abin da ya shafe mu

Idan muka jera ayyukan nan za mu ga ma'auni biyu da ya kamata a auna irin wannan labari da su. Na farko, shin marubuci ya faɗi kuɗin? Eliot da Trollope ba su ce limami talaka ne suka wuce ba, sun ce fam 80, fam 130, fam 900, daga nan mai karatu ya san abin da za a iya saye da abin da za a haƙura da shi, ya kuma gane dalilin da zai sa mutumin kirki ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana. Na biyu, shin marubuci ya nuna wanda ba a tambaya ba, ba tare da ya mai da wanda ya yanke hukuncin dodo ba? Trollope ya ci na farko da rabin na biyu. Rowling ta ci ɗaya rabin. Eliot, da ɗan gajeren labarinta na farko, ita ce ta fi kusa da haɗa duka.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan sharhi a mujallarmu shi ne wannan ƙasa ce da marubutan Hausa ba su cika nomawa ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a yau kuma ikilisiyoyi da yawa na ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Hausa suke sujada, da Hausa dattawansu ke zaman majalisa, da Hausa ake karanta lissafin baiko da takardar canjin fasto. Fasto da aka ɗauke daga ƙauyen da ya binne matarsa, ko mai bishara da ya shekara ashirin yana jiran a naɗa shi, Amos Barton zai gane su da gani ɗaya. A wajen Musulmi ma haka: liman ya rasu, ga ɗansa, ga na'ibin da ya daɗe yana jan salla, ga saurayin da ya dawo daga jami'a da digiri, ga attajirin da ya gina masallacin, ga hakimi, ga kwamiti. Duk wanda ya zauna ƙauye ya ga irin wannan, ya kuma san yadda take raba gida da gida.

Mun san abin da ke hana mu. Ana tsoron kada a ce an taɓa addini. Amma babu ɗaya cikin waɗannan marubuta da ya tsaya jayayya a kan aƙida. Trollope da gangan ya kauce wa mumbari, ya bi limamansa zuwa teburin abinci da ofishin lauya. Abin da suka rubuta shi ne albashi, da alfarma, da surukuta, da kunya, da matar da ke ɗinki da dare. Waɗannan kuwa ba su fi ƙarfin alƙalamin ɗan ƙungiyarmu ba.

Shawararmu ga mai son gwadawa ita ce ya fara da labarin Amos Barton, don gajere ne, ana iya gama shi a zama biyu. Sa'an nan ya je ya zauna a bayan taron kwamiti na garinsu, ya saurari wanda ya fi kowa magana, ya lura da wanda bai ce uffan ba, ya kuma tambayi nawa ake ba na'ibi a wata, wa ke bayarwa, wa kuma ke iya hanawa. Idan ya samu amsar waɗannan, ya samu babinsa na farko.